Bargon Jarka

Yaya Tadala,

Gaisuwa mai yawa daga Vereeniging. Ya jikin mahaifiyarmu Amayi, ya yara? Ina lafiya, kada ku damu.

Har yanzu ina wajen Oom Wikus, tsohon nan mai 'yan motocin tsere na zamanin da. Ni ke haɗa musu mai, don injinsu ba ya shan fetur sai an gauraya da man zurma. Akwai man zamani mara hayaƙi, amma Oom ya ce ƙamshin zurma ke tuna masa ƙuruciya. Ni ke tura motar har ta tashi, saboda haka ƙuruciyar tasa a ƙirjina take sauka. Tarin da hayaƙin ke sa ni ba wani abu ba ne.

Sanyi ya shigo. Idan ya bugi jarkar man, zurmar takan rabu da fetur, inji ya ƙone. Makon jiya Oom ya leƙo garejin da nake kwana, ya ce, "Limbani, ara wa jarka bargon nan. Kai ai da jini a jika."

Wanda Amayi ta saƙa mini ne.

Ki aiko mini busasshen kifi. Idan Amayi ta tambayi bargonta, ki ce yana aiki sosai.

Allah ya haɗa fuskokinmu.

Ƙaninki,
Limbani