Ko Tushe Ɗaya Ba Za a Tumɓuke Ba

Baban yara,

Na tafi aiki, ban iya jiranka ba. Ɗazu Yayanka ya zo da magini, wai za su shafe lambun bayan gida da siminti ya samu wurin ajiye mota. Na ce, "Yaya, girmanka ne, amma shekara uku ina jan ruwa kafin ƙasar nan ta yi laushi. Ko tushe ɗaya ba za a tumɓuke ba." Ya ce zai dawo da yamma ya ga mai gidan. To, kai ne mai gidan.

Na shanya yankakken tumatir a kan rufi. In hadari ya taso, ka kwashe. In Yaya ne ya taso, ka tsaya da ƙafarka, don ni na gama magana.

Matarka