Na Mayar Da Kukan Innata Kiɗan Rawa

Assalamu alaikum. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin kowa ya zage ni ya daure ya karanta har ƙarshe, don na zagi kaina fiye da yadda za ku iya.

Ni mawaƙi ne a wata ƙungiyar kiɗa a Birnin Kudu. Mu biyar ne, muna irin kiɗan rawar nan na da da ake kira fonk, mai jita da bas, wato jita mai kaurin murya, da ganguna. Shekara uku muna fama ba wanda ya san da mu, in mun je biki ma sai a ce mu yi sauri masu kalangu na jira. Yau kuwa daga Gwaram har Kano kiranmu ake, kuma waƙa ɗaya ce ta ɗaga mu. To wallahi waƙar nan ba tawa ba ce.

Mu asalinmu Fulani ne, a wani ƙauye can gefen Gwaram. Innata tana da 'yar fari da ƙyanda ta ɗauke tana shekara shida, tun kafin a haife ni. Bari in kira ta Dije, ba shi ne sunan ba. Kun san alkunyar ɗan fari a wurinmu: Inna ba ta taɓa furta sunanta ba, ko kuka ba a ga ta yi ba ranar rasuwar, in ji goggonnina. Da daminar bara na je gida da azahar ba sallama, na tarar da Inna ita kaɗai tana burga nono, tana rera wata waƙa ƙasa-ƙasa, tana kiran sunan, tana cewa ta dawo an dama fura, hawaye na sauka har haɓarta. Me ɗan kirki zai yi? Ya juya ya ba ta wuri, ko? Ni sai na laɓe bayan zana na danna waya na ɗauka.

Da na rera wa Sale, shugaban ƙungiyarmu, tsalle ya yi. "Kai, wace Dijen ce ta rikita ka haka?" Na yi dariya na ce sirri ne. Dariya fa na yi! Ya ɗora mata bas, aka ƙara mata sauri, yanzu ko'ina muka je sai ka ga samari da 'yan mata suna juyi suna ihun sunan, sun ɗauka budurwa ce ta yi min yaji. Ni kuma ina kan dandamali ina murmushin dole.

Ga inda ta ƙare min. Asabar mai zuwa ake bikin ƙanwata a ƙauyenmu, kuma ita da angon sun nace mu za mu yi wasa bayan la'asar. Na roƙi Sale mu cire waƙar. Ya ce, "Haba malam, hauka kake? Ko ba mu buga ba jama'a da kansu za su rera ta." Gaskiyarsa ne. In na faɗa masa dalili, na tona abin da Inna ta rufe shekara talatin. In na faɗa wa Inna, da wane baki zan ce na laɓe ina kallon kukanta? In na ƙi zuwa, ƙanwata fa?

Inna ba ta da waya, rediyonta ma labarai kawai take ji da shi. Jiya ta ari wayar maƙwabta ta kira ni, muryarta cike da murna. Ta ce, "An ce kana da waƙar da duk duniya ke rawa da ita, ni kaɗai ban ji ba. Na ce a shimfiɗa min tabarma a gaba-gaba, kunnuwan nan sun fara nauyi."

Kwana huɗu suka rage. Jama'a, don girman Allah, me zan yi?