Man da Na Shafa wa Kawunan Waya

Daga: Malam Haladu Kutama,
Maigadi, Cibiyar Kwamfuta ta Al'umma, Kabo.
9 ga Yuni, 2025.

Zuwa ga: Mai Girma Sakataren Kwamitin Kula da Cibiyar,
Gwarzo.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: HANA NI MIƘA MAKULLIN SITO

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina gabatar da kukana kamar haka:

1. Shekara goma sha tara nake gadi a garin nan, ko allura ba ta taɓa ɓata a hannuna ba. Ni ne na kwana uku a rijiyar da ta rufta da ni, na fito da ƙafata. Ban shiga aji ba, amma ƙarfe na san shi.

2. Ranar 3 ga Maris, Injiniya Zainulabideen ya damƙa mini kwalin kawunan wayar intanet, masu rigar ƙarfe, waɗanda ake maƙala wa wayar da ke haɗa kwamfutoci. Ya ce amana ce, kada danshi ya taɓa su. Ya tafi Kano, shiru.

3. Ranar 18 ga Mayu ruwan farko ya sauka, rufin siton da kwalin yake ciki ya yi yoyo. Na yi musu abin da nake yi wa fartanyata tun ina saurayi: na bi su ɗaya bayan ɗaya na shafe da man gyaɗa. Yini biyu ina yi. Ko ɗaya bai yi tsatsa ba, a zo a duba.

4. Ranar 27 ga Mayu Injiniya ya dawo, ya ce mai ya shiga bakin da saƙo ke bi, ba zai sa hannun karɓa ba. Shugabar cibiya, Malama Anastasia, ta ce sai ya sa hannu za ta karɓi makulli. Shi yana jiran kwamiti, kwamiti bai zauna ba. Hutun shukar da nake samu duk shekara ya maƙale, don ba zan iya tafiya da makulli a hannuna ba.

5. Maƙwabtana a Kutama geronsu ya tsiro. Gonata ko rami ba a sara ba, ga baki tara a gidana. Ni da rijiya ba ta riƙe ba, yau kwali ya riƙe ni.

Don haka ina roƙo da girmamawa a turo wanda zai gwada kayan nan cikin makon nan. In na ɓata su, a faɗa mini a gaban jama'a, zan ɗauka. Amma a karɓi makullin nan kafin lokacin shuka ya wuce.

Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
Haladu Kutama (dangwalen yatsa)
Malam Shadrak, maƙwabcina, ya rubuta yadda na faɗa.