Inna, Na Sake Warware Faifai

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum, Inna. Bayan gaisuwa da fatan kina cikin ni'imar Ubangiji, na zo miki da albishir. Na san da kina nan cewa za ki yi in faɗa da baki in daina ja miki rai, to ki yi haƙuri, daga farko zan ɗauko.

Kin bar ni ina kula da shafin intanet na matan Gummi masu turara shinkafa, inda 'yan kasuwar birni ke ganin kaya su yi oda. Aikin da kike kira danne-dannen Hafsi. Bayan rasuwarki manhajar da na iya ta tsufa, masu ita suka daina gyara ta. Hotunan buhuna suka riƙa hawa kan juna a waya, maɓallin oda ya ɓace. Ƙawarki Hajiya Kulu, shugabar matan, ta faɗa mini ba ɓoye-ɓoye cewa in shafin bai gyaru kafin yankan shinkafa ba, Gusau za su kai aikin. Ban ga laifinta ba, shinkafar mata ba za ta jira ni ba. Amma na yi kuka, Inna.

Da na buɗe sabuwar manhajar da ake yayi, ji na yi kamar an tura ni madafin wata, ko ludayi ban san inda yake ba.

Na bi bidiyoyin koyarwa. Mai koyarwar yana zuba Turanci kamar ana korar sa, har sai da na rage gudun bidiyon muryarsa ta koma ta mai gyangyaɗi. Sabis ɗinmu kuwa kin san halinsa, sai na taka har bakin tasha in sauke darasi, in dawo gida in kalla. Na kuma shiga wani zauren masu koyo a waya, inda wata malama daga Anka ke fassara darussa da saƙon murya, Allah Ya saka mata. Na kalla, na saurara, na gyaɗa kai kamar na gane. Amma da zarar na zauna yin nawa, sai ni da farin allo mu tsura wa juna ido.

Wata safiya ina bakace da faifanki sai na tuna. Ina ƙarama nakan zauna gefenki ina kallon saƙa, ina cika baki wai na iya. Kika jefo mini sabon faifai kika ce, "Ke ɗiyag ga, kallo ya isa hakanan. Warware wanga, ki ga ta inda anka faro shi." Na yi ta ƙunƙuni don ɓata mai kyau, ko kallona ba ki yi ba.

Na ajiye bakacen, na ɗauko samfurin shafi cikin waɗanda ake bayarwa kyauta, na hau warwara. In cire hoto, in ture rubutu, in ga abin da ya rushe, in mayar. A nan na gano cibiyarsa. Ashe daga ƙaramin allon waya ake farawa a riƙa faɗaɗawa, ni kuwa na saba da babban allon kwamfuta. Duk wahalar nan, daga baki nake fara saƙa!

Ba a kai ga yanka ba na gama. A wajen shanya Hajiya Kulu ta buɗe shafin a wayarta mai fasasshen gilashi, ta danna maɓallin da babban yatsa, ya amsa. A makon nan odar farko ta shigo daga Kano. Ta rangaɗa guɗa, ta ce ashe ɗiyar Rabi ta gado hannu. Na yi dariya ina share hawaye, don ke na so ki ji.

Yanzu 'yan mata daga Adabka da Nasarawa Burkullu na tambaya ta da wane bidiyo za su fara. Nakan tura musu, in sa su a zauren malamar. Amma kafin komai samfuri nake ba su in ce su warware. Suna ƙunƙuni, ni kuma ko kallonsu ba na yi.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sa kowane shafi da hannuwan nan suka saƙa ya zame miki lada.

Taki har abada,
Hafsi