Nasiru, An Zo Tambayar Halin Kamilu

Assalamu alaikum, ƙanina Nasiru. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana raye a duk inda ƙafarka ta kai ka, ina da labarin da ya kamata ka ji.

Abokinka Kamilu na neman aure, 'yar wani mai shago a Shadawanka. Makon jiya gwaggon yarinyar ta shigo Ƙofar Ran tana bin gida-gida, tana tambayar halinsa. Ka san mutanenmu, kowa ya ce ba a san shi da komai ba sai alheri. Inna ma ta riƙe min hannu, ta ce in bar wa Allah. Nasiru, ban bari ba.

Na ja matar har ɗakinka. Na nuna mata keken ɗinkinka, da tagar da ka toshe da buhu don kana jin ana zaginka daga waje. Na gaya mata ko sigari ba ka taɓa sha ba. Kamilu ne ya yi watanni yana dafa wiwi a cikin shayin majalisarku ba ka sani ba, wai don su ga yadda ustazu zai yi in ya bugu.

Ka tuna ranar da ka daina cin tuwon Inna, ka ce an sa maka guba? Ita da ke tsame maka nama daga miyarta. Ta zauna a bakin murhu tana kuka, kai kuma kana kallonta kamar ba ka taɓa ganinta ba.

A asibiti likitar ƙwaƙwalwa ta yi min bayani. Ta ce jikin kowa yana yin wani sinadari nasa mai kama da na wiwi, ɗan kaɗan, wanda ke taimakawa wajen daidaita barci da tsoro da tunani. Wiwi takan shiga gurbinsa a ƙwaƙwalwa ta mamaye. Wani ya sha ya tashi lafiya, wani kuwa dama nasa da rauni, musamman in akwai ciwon a dangi. Sai na tuna da ƙanin kakanmu da aka ce ya rasu a ɗaure.

Da na tare Kamilu da maganar, dariya ya yi. Ya ce su ma sun sha, me ya same su? Wallahi har yau wannan dariyar tana kunnena. Unguwa ta sa maka suna ɗan wiwi, shi kuma yana sahun gaba a masallaci. Da ka bar shan magani ka fice, wani mai babur ya ce ya gan ka ta wajen Miri ba takalmi. Shi ne labarinka na ƙarshe da muka samu.

Jiya aka mayar wa Kamilu kayansa. Da yamma ya zo zaurenmu ya durƙusa yana hawaye, wai ƙuruciya ce, in yafe masa. Na dube shi sosai, ban ji ko ɗigon tausayi ba. Na ce ya tashi ya nemo min kai. Kafin nan, duk gidan da ya kai goro a garin Bauchi, da ƙafata zan je, ko ba a tambaye ni ba.

Na san da kana nan za ka ce, Adda, ki yi haƙuri. Haka kake tun kana ƙarami, a doke ka ka ba da haƙuri. Ka dawo ka faɗa min da bakinka, sai in ji. Inna na shafa wa kekenka mai duk Juma'a, kuma ba ta yarda a kulle ƙofar ɗakinka.

Allah Ya tsare min kai daga rana da ruwa da jifan yara. Allah Ya haɗa ka da mai tausayin da zai tambayi sunan unguwarku. Shi kuwa Kamilu, Allah Ya hana shi barci har sai ka kwana a gida. Amin.

Addarka,
Hauwa