Hubbaren da Mushtak Ya Gina wa Goɗiya

Sargodha, 9 ga Maris, 1981

Zuwa ga Yaya Karam Dad,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, Allah Ya sawwaƙa maka ciwon gwiwar nan da sanyin Ingila ke tayarwa. Mu nan lafiya lau, alkama ta yi kyau, 'yata Naziran kuma ta sauka, an samu mace.

Yaya, abin kunya ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ka san kakanmu Fateh Sher, da ya dawo daga yaƙin kan iyaka Turawa suka ba shi gonar nan bisa sharaɗin ya riƙa kiwata musu goɗiya. Ya tarar da ƙaya da diloli, shi ya sare dajin da hannunsa, ya jawo ruwa. Ka kuma tuna, da goɗiyarsa Bijili ta mutu ya hana a yar da ita, ya binne ta a gindin magarya, ya ce in tasa ta zo a kwantar da shi nan kusa.

To Mushtak, ɗan ƙaninmu marigayi, ya wayi gari ya ce Kaka waliyyi ne. Mutumin da ba ya buɗe baki sai da ashar, wai waliyyi! Ya gina hubbare, ya shimfiɗa koren mayafi, mata na zuwa ran Alhamis neman haihuwa. Wannan ma da sauƙi. A kan ramin goɗiya ya yi ginin, don tudun ya fi girma, wai babban mutum sai babban kabari. Kabarin Kaka na ainihi, wanda ya lotsa, ya faɗo daidai bakin ƙofa, nan masu ziyara ke tuɓe takalma. Wallahi na gani da idona.

Na yi masa magana a gaban mutane, ya yi dariya ya ce, "Haba Gwaggo, yaushe mata suka fara raka gawa? Tsufa ne, a kawo mata shayi." Gaskiya ban raka ba, amma shekara nawa ina bin Inna muna yayyafa wa kabarin ruwa? Yanzu ya ce bayan girbi zai daɓe wurin takalman da siminti.

Cikin waɗanda suka shiga kabarin ran jana'izar Kaka kai kaɗai ka rage. Don Allah ka ɗauki muryarka a kaset, ka faɗi taku nawa ne daga magarya zuwa kabarinsa, ka aiko kafin girbi, in sa wa dattawa a masallaci. Maganar namiji za su ji. Kafin nan kullum Alhamis ina kai tabarmata in zauna a wurin, in tare takalman. Sun ɗauka aikina ke nan, jiya har wata ta miƙo mini nata ta ce in kula da su.

Ka gaishe da Yaya Rashida, da Tarik, da Shamim da yara.

Ƙanwarka,
Sardaran Bibi