Ƙorafi Kan Faifan Marigayi Kalilu da Ake Sawa a Bakin Tasha

Daga: Hodi ɗan Yari, manomin shinkafa,
Unguwar bayan tasha, Argungu.

9 ga Maris, 1981.

Zuwa ga: Mai Girma Sakataren Ƙaramar Hukumar Argungu,
Jihar Sakkwato.
Ta hannun Mai Unguwa.

Ranka shi daɗe,

Game da: Riƙe kayan marigayi ɗana da Maliki mai shayi ya yi, da cutar da iyalina da lasifika.

Bayan gaisuwa da ladabi, ina kawo ƙarar cin amanar mamaci da cin haƙƙin marainiya. Wanda ya aikata shi ne Maliki, mai rumfar shayi a bakin tasha, wanda hukumarka ta ba izinin rumfa da na lasifika. Ban saba kai ƙara ba, kuma ban rubuto ba sai da hanyoyin gida sunka ƙare.

1. Ɗana Kalilu direba ne, shina kai albasa Ikko. Ranar 20 ga Nuwamba, 1980, motatai ta faɗi a hanya, Allah Ya karɓi abinai. Mutanen wurin sunka yi mishi sutura. Mu labari kawai ya iso muna, da agogonai da hula. Uwatai Hauwa'u, wadda duk gidan ke kira Inna, ba ta ga gawa ba, ba ta ga kabari ba. Ya bar matatai, Laure, wadda har yau take cikin takaba, da ɗiya ƙarama, Riskuwa.

2. Marigayin ya yi shekara da shekaru shina tara faifan garmaho, ƙananan nan masu faɗin rami a tsakiya, waƙa ɗaya gaba ɗaya baya, na baƙaƙen fatar Amurka, irin da samari ke ce ma sol da fank. Tsofaffi ya fi so, waɗanda masu su sunka gaji da su. Ya kan bi su kasuwannin Ikko, ya kan tafi har Birnin Kebbi don musayar guda ɗaya. Ya sa kafinta ya yi musu akwati, kowane cikin rigar takarda, a tsaye, ba a kwance ba, nesa da rana. Ni ba abin da nake so ba ne, amma da guminai ya saye su, kuma ba su hana shi salla ba.

3. Cikinsu akwai wani mai tabo. In allura ta iso wurin tabon sai ta maƙale, mawaƙin shi yi ta maimaita kalma ɗaya. An gaya min Turanci ne kuma ma'anar daban take, amma kowa a unguwarmu ya ji, Inna yake cewa. Kalilu ya maishe shi sallama. Duk dawowa daga tafiya, kafin shi shiga cikin gida, sai shi shiga shagonai na ƙofar gida shi sa wanga faifai, shi bar shi shina kira, Inna, Inna, har sai uwar ta amsa daga madafa, sannan shi taɓa allurar waƙa ta wuce. Ita kuma ta ɗora ruwan wanka. Ba ta taɓa shiga shagon ba, ba ta taɓa ganin abin da ke kiran nata ba.

4. Ranar 25 ga Nuwamba, muna zaman makoki, Maliki ya same ni a kan tabarma, ya ce bai dace kayan kiɗa su zauna gidan mutuwa ba, zai ajiye su har a yi arba'in. Abokin marigayin ne tun makarantar allo, tuwonmu ya ci ya girma. Na sa mishi albarka, ya ɗauki akwatin da garmahon gaban mutane.

5. Bayan arba'in na aika, bai kawo ba. Na tafi da ƙafata. Sai ya ce min wai ya tambayi wani malami, an ce kayan kiɗa ba su shiga gado, don haka ba na Riskuwa ba ne, ba na kowa ba ne. Sunan malamin ya ƙi faɗi. Ranka shi daɗe, abin da ya ce bai halatta ga marainiya ba, shi ne ya halatta gare shi ya jona ma batirin mota don kiran masu shayi.

6. Tun farkon Janairu ya ɗaura lasifika kan iccen rumfa, bakinta na duban gidana. Ranar farko da ya sa faifan mai tabo, hantsi ne, ina gyaran fartanya. Na ji kiran, na ji Inna ta amsa. Ta ɗora ruwa. Riskuwa ta ruga ƙofar shago. Laure, da ba ta da ikon fita, ta tsaya bakin ɗaki ta toshe kunnuwa da gyale. Maliki kuwa shina can shina zuba shayi, babu mai taɓa allura, abin ya yi ta kira, tsohuwar ta yi ta amsawa har muryarta ta dushe.

7. Wanga al'amari ya maimaitu ba sau ɗaya ba. Yanzu Inna ta ce ba a tabbatar mata da mutuwar ba, tunda ba ta ga komi ba sai hula. Ta daina zuwa unguwa kada Kalilu shi dawo ba ta nan. Ta kan raba tuwo ta aje nashi. Da ta ji zan rubuto wagga takarda, ta roƙe ni in bari, kada a hana shi kira. Shekara arba'in muna tare, ban taɓa ganin ta haka ba. Ni kaina, da na san roba ce da allura, in ya fara sai in iske na miƙe tsaye.

8. Mai Unguwa ya kira Maliki, liman ya yi mishi magana, ya ce yana da takardar izini. Ya sayar da wasu faifan ga 'yan kwaleji, wasu ya bar su kan benci rana ta lanƙwasa su kamar ganyen kabewa. Abin da ya samu ke nan: dattawan unguwa sun bar shan shayinai, direbobin albasa abokan Kalilu sun koma wata rumfa, kuma babu mai amsa gaisuwatai a masallacinmu. Duk da haka bai daina ba.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma, cikin ladabi, a sauke lasifikar nan ko a janye izininta, a kuma umurci Maliki shi maido akwatin da garmahon da abin da ya rage gaban Mai Unguwa, a aje ma Riskuwa. Waɗanda ya sayar da waɗanda ya lalata na bar shi da Allah.

Faifan mai tabo kuwa ina roƙon a ba ni shi da hannuna, lafiya lau, kada wani shi fasa shi don tausayi. Ina so in kai shi tsakar gida da rana tsaka, in zaunar da Inna gabanai, ta ga baƙin abin shina juyawa, ta ji inda muryar ke fitowa, ta ɗaga allurar da hannunta. In ba ta ga haka ba, ba za ta fara kukan ɗanta ba.

Allah Shi ja zamaninka, Shi ba ka ikon yin adalci.

Ni ne mai biyayya gare ka,
Hodi ɗan Yari.